Taliyar leda a daina ɗaurayeta, ta murji kuma a barta da ruwanta

Tunda na tashi a gidanmu a Zariya ban taɓa ganin an sauke taliya ba tare da an kaita bakin famfo ba. A tsaneta a gwagwa, a sheƙa mata ruwan sanyi har sai ta daina yauƙi a hannu, a zuba ɗan mangyaɗa a juya sannan a maida tukunya ta turara. Haka Ummanmu take yi haka nima na koya, kuma da wannan hannun na zo birnin Torino na ƙasar Italiya shekara biyar da suka wuce.

Maƙwabciyata ce, wata dattijuwa 'yar nan, ta shigo wata rana ta tarar na tara sufageti a ƙarƙashin famfo, wallahi kashe famfon ta yi da hannunta kafin ma mu gama gaisawa. Washegari ta kirani kicin ɗinta na tsaya ina kallo. Ruwa mai yawa take sawa, lissafinsu a nan lita 1 ga kowane giram 100 na taliya da gishiri kamar giram 10, sai ya tafasa sosai ake zubawa kuma ba a karyata ba a sa mai a ruwan, tana saura kaɗan ta gama dahuwa, da ɗan tauri a tsakiya wanda suke cewa al dente, sai ta ɗebi ludayi ɗaya na farin ruwan nan ta ajiye, ta kwashe taliyar da zafinta ta juye cikin kaskon miyar tumatir ta ƙara ruwan ta yi ta juyawa kamar minti biyu. Da na ci na gane me take nufi. Miyar ta kama kowane sili, babu jan ruwa kwance a ƙasan faranti.

Wannan yauƙin da muke wankewa sitaci ne, kuma shi ne yake riƙe miya a jikin taliya. In kin ɗauraye kin tafi da shi, kin tafi da gishirin da ke jikinta, kin kuma sanyaya abinci, shi yasa sau da yawa a gida za ki ga taliya gefe miya gefe sai an ƙara magi an ƙara yaji kafin a ji ɗanɗano. A Roma akwai wata taliya da suke kira cacio e pepe, cukun madarar tumaki ne da masoro da ruwan dahuwar kawai, in aka zubar da ruwan nan babu miyar kwata-kwata.

Toh amma fa ni ban yarda da masu cewa iyayenmu basu iya ba, raina yana ɓaci in na ji hakan. Taliyar da suka saba da ita daban ce. Su nan tun 1967 dokarsu ta ce busasshiyar taliya sai da alkama mai tauri wadda suke kira grano duro, ita bata saurin caɓewa. Tamu ta murji kuwa fulawa ce da ruwa da gishiri, a murza a inji a shanya a igiya, tana shiga ruwan zafi take sakin gari, in baki ɗauraye ba dunƙulewa za ta yi kamar tuwo. Kuma da me ake cinta? Manja da yaji, wani lokacin da ɗan wake ko yankakken tumatir da albasa, babu wata miya da ake so ta manne, wara-wara ake nema. Ga kuma biki da suna, a dafa katan guda tun safe a zuba a kula, baƙi basu ci ba sai bayan la'asar, wannan dole a ɗauraye a sa mai. Mutanen nan daga wuta sai baki, mutum ake jira ya zauna kafin a zuba taliya a ruwa.

Matsalar kawai mun ɗauki hukuncin ta murji mun ɗora wa ta leda, irin su Golden Penny, alhali ita bata buƙata in dai an sa ruwa isasshe an juya a mintin farko kuma ba a barta ta wuce lokacin da aka rubuta a jikin ledar ba. Mu kanmu ai mun sani, dafa-dukan taliya wa yake ɗaurayewa? A cikin ruwan miyarta take dahuwa sitacin ya haɗe komai, shi yasa ta fi daɗi.

Yanzu in taliya da miya zan yi wa yara bana kusantar famfo. Amma na sayi ƙaramin injin murji na hannu, na Imperia, kamfanin ma a nan Torino aka kafa shi, ranar da kewar gida ta taso min nakan kwaɓa fulawa in murza in shanya a kan kujeru, ita kam sai na ɗaurayeta sau biyu kafin in zuba manja.