Rediyon Baba da direban tasha

Ranar 28 ga Afrilun 2025, da tsakar rana, wuta ta ɗauke a Sifaniya da Fotugal. Ina Madrid. Jiragen ƙasa suka tsaya, katin banki ya koma roba, kafin la'asar layin waya ya soma mutuwa. Sai ga mutanen da ke yi wa rediyo kallon kayan kakanni sun yi layi a shaguna suna neman mai batir, wasu sun kewaye mota guda a bakin titi suna sauraron labarai. Na ce a raina, ai wannan majalisar ƙofar gidanmu ce a Gusau.

Nasu na yini guda ne. Mu kuwa a Satumban 2021 gwamnatin Matawalle ta nemi hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta rufe layukan waya a Zamfara saboda 'yan bindiga, aka rufe. Gusau ta yi kusan wata guda, sauran wurare sai ƙarshen Nuwamba. Masu POS suka naɗe tabarma. Mutum ya hau mota har Funtuwa don kira ɗaya tak, daga baya ita ma aka toshe ta.

Sai da na yi mako biyu ban ji duriyar Inna ba. Takarda ce ta cece mu. Ƙanena ya rubuta, ya ba direban tasha, direba ya kai wa kawunmu a Zariya, shi ya karanta mini ta waya. Layi huɗu ne, na farko gaisuwa.

Shi ya sa ban cika yarda da 'yan'uwanmu na nan da ke cewa a tura wa gida sola shi ke nan ba. Sola maganin matsalar Turawa ce, rashin wuta. Mu layinmu da gangan aka kashe, waya cike da caji amma ta zama tocila. Rediyo mai gajeren zango babu mai rufe shi daga Abuja, gaskiya ne, sai dai shi faɗa maka yake yi, ba ya kai saƙonka. Mai kai saƙo mutum ne, kuma sai da sanayya.

Abin da ke damuna, yaranmu ko lambar mahaifiyarsu ba su haddace ba. Makon jiya na ce wa ƙanena ya kwafe lambobin dangi a littafi, kada ya bari a yar da rediyon Baba, kuma in Sallah ta zo ya kai wa direban nan goro da sunana.