Ƙarin gashi: nasiha ga kaina da 'yan uwana mata

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayena da 'yan uwana mata.

Wata mata daga cikin Ansar ta zo wurin Manzon Allah (SAW) da damuwa irin ta uwa. 'Yarta amarya ce, ciwo ya kama ta, gashinta ya kakkaɓe, ga ango yana matsawa a kai masa matarsa. Ta tambaya ko za ta ƙara mata gashi. Amsar da ta samu ita ce Allah Ya la'anci mai ƙarin gashi da wadda ake ƙara wa. Bukhari da Muslim duk sun kawo shi. A ruwayar Nana A'isha ma matar cewa ta yi mijin ne ya umarce ta, aka ce mata a'a, shi ya sa Imamu Bukhari ya ajiye hadisin a babin da ke cewa mace ba ta yi wa mijinta biyayya a saɓon Allah.

Don Allah mu tsaya mu auna. Rashin lafiya, amarci, da umarnin miji, duka uku sun haɗu a kan yarinya ɗaya, amma ba a buɗe mata ƙofa ba. Mu kuma lafiyarmu ƙalau, gashinmu na nan a kanmu, uzurinmu kawai shi ne ranar kamu ko dina hoto ya fito da kyau.

Mu'awiya (RA) ya taɓa hawa mimbari a Madina, ya karɓi wani curin gashi daga hannun dogarinsa ya ɗaga, ya ce: ya ku mutanen Madina, ina malamanku? Ya ce ya ji Annabi (SAW) yana hana irin wannan, yana cewa Bani Isra'ila sun halaka lokacin da matansu suka riƙi wannan. A wata ruwayar an kira shi "zur", wato ƙarya. Ko Risalar Ibnu Abi Zaid da muke karantawa a makarantun zaure da islamiyya ta faɗa a fili cewa an hana mata ƙarin gashi.

Zan faɗi gaskiya game da saɓani, don kada a ce an ɓoye. Gashin mutum kam babu ja a kan haramcinsa. Zare da ulu ne aka yi saɓani: Sa'idu bin Jubair da Laisu bin Sa'ad sun sauƙaƙa, Imamu Malik kuwa ya hana ƙari da komai, saboda hadisin Jabir da ke cikin Muslim cewa an tsawatar a kan mace ta ƙara wani abu a kanta. Sai dai zaren da kowa ya gani ya san zare ne daban, gashin dokin da aka ƙera musamman don mai kallo ya ɗauka naki ne daban. Hular gashi kuma malamai da yawa na wannan zamani sun sa ta cikin hanin. Wasu, kamar Shaihu Ibnu Usaimin, sun yi rangwame ga wadda ba ta da gashi sam, don rufe aibi. Wadda ciwo ko maganin daji ya zubar wa gashi ta je ta tambayi malamin da ta amince da iliminsa, kuma kada wata ta kuskura ta yi mata gori.

Kin taɓa tambayar inda gashin nan yake fitowa? Sunan Brazil da Peru da ake liƙa masa yawanci sunan kasuwa ne kawai. Akwai wani babban wurin bautar Hindu a Tirupati, ƙasar Indiya, inda dubban mutane ke aske kansu kullum don cika bakance ga abin bautarsu, hukumar wurin ta tara gashin ta yi gwanjonsa. Birnin Xuchang na ƙasar Sin kuma ya shahara da masana'antun da ke sarrafa gashi su turo Afirka da Amurka. A 2004 manyan malaman Yahudawa suka hana matansu sa hular da aka yi da gashin wuraren bautar Indiya. Ke mai kalmar shahada, da shi za ki kai goshi ƙasa?

Ga kuma tsarki. A mazhabarmu shafar kai gaba ɗaya farilla ce a alwala, wanka kuma sai ruwa ya kai fatar kai. Ummu Salama ta tambaya ko sai ta tsefe kitsonta a wankan janaba, aka ce a'a, ta zuba ruwa sau uku ya wadatar. Wannan sauƙin na gashinki ne. Hular da aka manne da gam ta yi mako biyu, kina kaffa-kaffa da ruwa don kada kuɗinki su lalace, yaya sallolin waɗannan kwanakin?

Amma a ganina tushen ciwon ya fi nan zurfi: an koya wa baƙar mace jin kunyar gashinta, kuma da gangan aka koya mata. A 1786 gwamnan Louisiana, wani yanki da yanzu yake cikin Amurka, ya kafa dokar tilasta wa mata baƙaƙe rufe gashinsu don a ƙasƙantar da su. A Afirka ta Kudu zamanin wariyar launin fata, fensir ake soka wa mutum a kai, in ya maƙale a ce ba Bature ba ne. Sai a 2019 jihar California ta fara yin dokar hana nuna wa mutum wariya a aiki ko makaranta saboda gashinsa. Su can an matsa musu ne. Mu nan da ɗankwali da hijabinmu, wa ya matsa mana? Allah Ya ce a Suratur Rum, aya ta 22, bambancin harsunanmu da launukanmu yana cikin ayoyinSa. Wannan gashin mai tauri, mai murɗewa, da kike ce wa "ƙwarya-ƙwarya", Shi Ya tsara shi haka.

Man miƙar da gashi ma ba tsira ba ne. Wani binciken cibiyar lafiya ta gwamnatin Amurka a 2022, a kan mata sama da 33,000, ya nuna masu shafa shi fiye da sau huɗu a shekara sun ninka sauran haɗarin kamuwa da dajin mahaifa. Kitso mai ɗaurin tsiya da nauyin gashin doki kuwa su ke cinye gaban goshi, sai a sake sayen hula don rufe ɓarnar.

Abu Dawud ya ruwaito cewa wanda yake da gashi ya girmama shi. Iyayenmu da karkashi suke wankewa, su shafa man shanu ko man kaɗe, su zauna gaban makitsiya a yarfa musu shuku ko kalaba, kuma mazajensu ba su gudu ba. Ke uwa, ki daina cewa 'yarki "kai kamar na namiji" tana ji, don ranar da ta kama kuɗi abin da za ta fara saya ke nan. Ke mai shagon gyaran gashi, ki lura hadisin da mai ƙarawa ya fara kafin wadda ake ƙara wa.

Ku kuma maza, wanda yake yaba matan waya masu gashi har gadon baya a gaban matarsa, sannan ya zo yana tura mata wannan rubutu, ya fara gyara idonsa da bakinsa. Ya ba da kuɗin mai da na kitso, kuma ranar da ta yi sabon kitso ya buɗe baki ya ce ya yi kyau.