Iya Allura Ba Shi Ne Aikin Jinya Ba

A unguwanninmu da ƙauyukanmu, duk wanda ya sa farar riga ya iya tsira allura da ɗaura ƙarin ruwa, sai a kira shi nas, wani lokaci ma likita. Da yawa daga cikinsu sun koyi abin da suka sani ne a kemis ko a ƙaramin asibitin kuɗi, inda suka fara da shara da miƙa almakashi, ba su taɓa zama a makarantar jinya ba, ba su da lasisi. Wannan ruɗani yana cin rayuka, kuma yana zubar da darajar waɗanda suka yi karatun.

Aikin jinya ya samo asali ne daga tausayi, babu musu. Tarihin Musulunci ya adana labarin Rufaida Al-Aslamiyya, wadda ta kafa tanti a masallacin Madina tana kula da masu rauni, kuma a can aka kai Sa'ad bin Mu'azu bayan kibiya ta same shi a yaƙin Khandaƙ. Amma abin da ya mayar da jinya sana'a mai ƙa'ida shi ne ilimi da tsari. Lokacin da Florence Nightingale, wata ma'aikaciyar jinya 'yar Birtaniya, ta isa asibitin sojojin Birtaniya na Scutari a ƙasar Turkiyya a 1854, sojojin da zawo da kwalara da zazzaɓi ke kashewa sun fi waɗanda raunin yaƙi ke kashewa yawa. Ta dage a kan tsafta da abinci da iska mai kyau, ta kuma riƙa rubuta alƙaluman mace-mace har ta kafa hujja da su a gaban hukuma. A 1860 ta buɗe makarantar horas da ma'aikatan jinya a asibitin St Thomas da ke Landan, inda daga baya Kofoworola Abeni Pratt, 'yar Najeriya ta farko da ta zama shugabar ma'aikatan jinya ta ƙasa, ta yi karatunta.

Babban abin da ake koya wa nas shi ne lura. Likita yakan zaga ɗakin marasa lafiya ya wuce, amma nas ce ke gefen gado dare da rana, ita ce za ta ga numfashin yaro ya fara sauri, ko bugun jinin mai jego ya hau yayin da awon jininta ke sauka, ta gane cewa zubar jini ne tun kafin ya fito fili. Kafin ta ba da magani sai ta tabbatar da majinyacin da maganin da adadinsa da hanyar shigarsa da lokacinsa, sannan ta rubuta a fayil domin wanda zai karɓi aiki ya san inda aka tsaya. Wanda ya koyi allura da ido kawai bai san inda babbar jijiyar ƙafa ta bi ta ɗuwawu ba, shi ya sa ake ganin yaran da ƙafarsu ta shanye bayan allurar zazzaɓi, iyaye kuma su ce ƙaddara ce, alhali ganganci ne da ake iya kauce masa.

Sai kuma amana. Majinyaci yana buɗe wa nas jikinsa da sirrinsa, kuma a garin da kowa ya san kowa, kalma ɗaya game da sakamakon gwajin wata mata na iya kashe mata aure. Majalisar ma'aikatan jinya ta duniya ta fitar da kundin ɗa'a tun 1953, riƙe sirri na cikin ginshiƙansa. A Najeriya, Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma, wadda dokar 1979 ta kafa, ita ke ba da lasisi, ita kuma ke da ikon ƙwace shi. Amfanin lasisi ke nan: mai shi yana da abin da zai rasa idan ya yi sakaci, mara shi kuwa sai dai ya rufe shago ya koma wata unguwa.

Na san abin da za a ce, kuma akwai gaskiya a ciki: a ƙauyen da babu nas ko ɗaya, mai kemis ɗin nan shi ne abin da ake da shi, su kuma masu lasisin wasunsu suna yi wa masu jinya tsawa kamar bayinsu. Tsawar laifi ce, ya kamata shugabannin asibiti su hukunta ta. Sai dai nas ɗaya da aka bar wa ɗaki cike da marasa lafiya a aikin dare, babu safar hannu, babu wutar lantarki, ba za ta iya yin lurar da aka koya mata ba komai kyan zuciyarta, kuma irin wannan hali ne ke kora ƙwararru zuwa Ingila da Saudiyya.

Don haka ina ganin gwamnatocin jihohi su daina tsayawa a kan gina makarantun jinya kaɗai, su ɗauki waɗanda suka kammala karatun aiki, su biya alawus na musamman ga mai zaman karkara, su kuma tilasta wa kowane asibitin kuɗi ya liƙa lasisin ma'aikatan jinyarsa a bango inda mai kawo mara lafiya zai gani.