Kafin mai fyaɗe ya dawo unguwa

Duk sanda labarin fyaɗen yara ya ɓulla a Kano, maganarmu ba ta wuce a kashe shi, ko a dandaƙe shi kamar yadda Kaduna ta sa a dokarta a 2020. Fushin yana bisa hanya. To amma da yawa daga cikin waɗanda ke gidajen yarin Kurmawa da Goron Dutse wata rana wa'adinsu zai cika su dawo cikinmu. Wa ya zauna ya tantance wanda zai sake?

Masana halayyar masu laifi sun gano cewa ba duka suka taru suka zama ɗaya ba. Wani maye ne da samun dama suka kai shi. Wani kuwa sha'awarsa ce kacokan ta karkata ga yara, kuma irin wannan ya fi yawan komawa ruwa.

Wajen gane wanda sha'awarsa ta karkata, tambayarsa kaɗai ba ta wadatar, don ba mai amsa abin kunya da bakinsa. Shi ya sa a shekarun 1950 wani likita mai suna Kurt Freund ya ƙirƙiro na'urar da ake ɗaura wa namiji a gabansa, tana auna motsinsa idan an nuna masa hotuna. Daga baya aka zo da ta kwamfuta, mai lissafa daɗewar da mutum ya yi yana kallon kowane hoto. Ta farkon dai, wallahi ban ga alƙali ko malamin da zai lamunta da ita a garin nan ba, kuma ban ga laifinsu ba. Ga tsada, ga shi mai wayo yana iya danne kansa. Kuma ko ɗaya cikinsu ba ta zama hujjar cewa mutum ya aikata laifi, aikin shaidu ne wannan.

Hanyar da ta dace da mu ita ce ta masu bincike Michael Seto da Martin Lalumière ta 2001 a Kanada. Fayil kawai ake buɗewa a amsa tambaya huɗu: akwai yaro namiji cikin waɗanda ya taɓa? Sun wuce ɗaya? Akwai ɗan shekara 11 ko ƙasa? Akwai wanda ba danginsa ba? Yawan amsar "e" shi ke nuna alamar sha'awarsa ta karkata ga yara. Ba lantarki, ba tsiraici.

Muna da likitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau da asibitin Malam Aminu Kano da za su iya koyar da jami'an gidan yari wannan aikin. Sai dai fayil ɗin yana bukatar gaskiya. Mu kuwa sai mai unguwa da dattijai su kashe magana a zaure, wai rufin asiri. Ranar da aka kama mutumin, takarda ta nuna karon farko ne, alhali duk layin sun san na nawa ne.