Yaro na fama da karatu, makaranta ta rubuta "malalaci ne"

Haba jama'a! Har yaushe makarantun sakandare za su ci gaba da rubuta "ba ya ƙoƙari" a takardar sakamakon ɗalibin da ya fi kowa shan wahala a aji? Matashi ya raba dare yana kokawa da shafi biyu, gari ya waye a kira shi daƙiƙi a gaban sa'o'insa. Kuma kada wani ya ce abin sabo ne. Tun 1896 likita Pringle Morgan ya rubuta bayanin wani yaro ɗan shekara 14 a Ingila, mai kaifin basira, amma haɗa baƙi ya gagare shi. Wannan ita ce disleksiya. Ita kuwa ADHD, matsalar ƙarancin natsuwa da yawan motsi, tana shafar kimanin yara 5 cikin 100 a duniya, kuma gado ne ke da kaso mafi girma a cikinta, ba rashin tarbiyya ba. Aji mai ɗalibai 40 da wuya a rasa ɗaya ko biyu. Sau da yawa ma matsalolin biyu kan haɗu wa yaro ɗaya.

Abin da ke ƙona rai shi ne a daidai lokacin da nauyi ya ƙaru ake sakin yaron. A firamare malami ɗaya ne ya san shi, yana tuna masa abin da ya manta. A sakandare malamai takwas ko goma, kowa da aikin gidansa da ranar karɓa. Malami ya shigo ya jero umarni huɗu a numfashi ɗaya: ku buɗe shafi kaza, ku karanta, ku amsa tambaya ta biyu da ta biyar, ku kawo gobe. Ƙwaƙwalwar wannan yaro ba ta riƙe abubuwa da yawa lokaci guda. Ya kama na farko, sauran sun zube. Gobe ya zo hannu rabbana, a ce taurin kai ne. Alhali maganin bai kai minti biyu ba. A ba shi umarni ɗaya bayan ɗaya, a rubuta a allo, a sa ya maimaita da bakinsa. A zaunar da shi kusa da malami, nesa da taga da ƙofa. Aikin da aka ba mako uku a yanka shi gida huɗu ko biyar, kowane yanki da ranarsa da wanda zai duba, domin "nan da mako uku" a wurinsa daidai yake da "babu".

Sai horon da ake yi musu, wanda wallahi kamar an zauna ne an zaɓo abin da zai ƙara dagula lamarin. Yaron da jikinsa ke neman motsi a hana shi fita hutu, sannan a yi mamaki ya hargitsa darasi na gaba. Mai disleksiya a tsayar da shi ya karanta da ƙarfi ba shiri, aji na dariya. A jarrabawar ilimin halittu ya ba da amsa daidai, a zaftare masa maki saboda kuskuren harafi. Me ake aunawa, sanin aikin zuciya ko rubuta sunanta? Abin da yake buƙata koyarwa ce mai tsari kan alaƙar sauti da harafi, minti 20 zuwa 30 sau da yawa a mako, cikin ƙaramin rukuni, tare da littattafan saurare da manhajar da ke karanta rubutu, don kada ya rasa ilimin darasin kafin karatun ya kankama.

Makarantun da ke alfahari suna "taimakawa" ma, yawanci ƙarin lokacin jarrabawa kawai suka sani, kashi 25 cikin 100, wato minti 30 a takardar awa biyu. Wannan yana amfanar mai karatu a hankali. Amma wanda hankalinsa ya tashi tun minti na 40, ƙarin zama me zai tsinana masa? Shi ɗan hutu yake so a tsayar da agogo, da ƙaramin ɗaki mara hayaniya. Kuma dole ya saba da tsarin tun a gwaje-gwajen aji, ba ranar babbar jarrabawa a jefo masa ba.

Iyaye su je da kuka, a ce sai sun kawo takardar likita, takardar da kan ɗauki watanni. Wane ne ya ce canza wa yaro kujera sai da izinin asibiti? Shi kansa binciken likitan ba na minti goma ba ne. A fara gwada ido da kunne, a tambayi barci da damuwa, domin rashin barci da yawan damuwa suna kwaikwayon ADHD. Ƙa'idar da likitoci da yawa ke bi ta ce alamun su bayyana kafin shekara 12, su ɗore aƙalla wata shida, a gan su a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da makaranta. 'Yan mata su aka fi tsallakewa: yarinya ba ta tayar da ƙura, tana zaune shiru hankalinta ya tafi, sai a ce kunya ce.

Inda likita ya rubuta magani, makaranta ba ta ma tambayi wane iri ba ne. Metilfenidet, maganin ADHD, mai gajeren aiki awa uku zuwa huɗu yake yi. Wanda aka sha da safe ya saki yaron kafin rana ta raba, malamin yamma ya ce magani ba ya aiki. Akwai mai daɗewa har kusan awa 12. Yana rage cin abinci, yana iya hana barci, don haka a riƙa auna nauyi da bugun zuciya da hawan jini. Kuma ba ya koyar da karatu.

Daga shekara 18 kuwa sai a yi kamar matsalar ta kammala makaranta tare da shi. Asibitin yara ya sallame shi, na manya bai karɓe shi ba, jami'a ko wurin koyon sana'a ba su san komai ba, ga shi babu mai tashinsa da safe. Tun saura shekara guda ya kamata a rubuta masa takarda ɗaya mai ɗauke da abin da ya yi masa aiki da abin da bai yi ba, a haɗa shi da likitan da zai ci gaba da ganinsa, a kuma koya masa ya nemi waɗannan sauƙaƙe da bakinsa. Makarantu nawa ne ke yin haka?