Kafin na'ura ta iso Damagaram, wa ke riƙe da rajista?

Shekarata tara a Liyon ta ƙasar Faransa, kuma aikina bai wuce ƙirga marasa lafiya ba. Ban taɓa yi wa kowa allura ba. Ina zaune a wani ofis a bayan asibiti, gaban kwamfuta, ina duba mutum nawa suka shigo jiya, nawa aka sallama, nawa za a sa ran zuwansu mako mai zuwa. Da sanyi ya kama wajen Nuwamba, ciwon ƙirjin jarirai yakan tashi kamar an busa masa usur, to mu ne muke faɗa wa masu ɗakin yara su ƙara gadaje tun layi bai kai bakin ƙofa ba. Inna idan aka tambaye ta aikina cewa take: "Yana can likita, amma ba ya duba kowa."

Inna tana da hawan jini. Duk sanda jikin ya motsa, Yaya takan ɗauki hoton takardar magani ta turo mini ta WhatsApp daga Birni. Ran nan na ce ta haɗa da awon jinin da aka yi mata watannin baya in gani ko yana hawa ko yana sauka. Sai ta turo murya tana dariya: "Kai ma dai! Katin nata uku ne. Ɗaya gara ta ci, ɗaya yana cikin kwalla ban san wacce ba, wannan na hannuna sabo ne, tun sallah aka buɗe shi." Wato duk likitan da ya ga Inna, daga fari yake somawa, kamar ranar aka haife ta. A nan Faransa kuwa tun 1998 mutane ke yawo da katin inshorar lafiya mai suna Vitale a aljihu, kuma mai kantin magani kan iya ganin abin da aka ba ka a watannin baya kafin ya ƙara maka wani a kai.

Ina kawo wannan ne saboda yadda maganar ƙirƙirarriyar basira ta cika zaurukanmu na waya. Kowa na cewa na'ura za ta maye mana gurbin likitocin da ba mu da su. Ni da nake cin abinci da wannan sana'a ina so in ga hakan fiye da kowa. Sai dai na'urar nan abin da aka rubuta take ci, da shi take girma, kuma a wajenmu rubutun ne ke da rauni.

Zuwana gida na ƙarshe na kwana a wani ƙauye kudu da Damagaram wurin wani ɗan ajinmu, majo ne, wato shugaban ƙaramin asibitin garin da ake kira CSI. Ƙarshen wata ne. Bayan isha'i ya shimfiɗa tabarma, ya jibge manyan rajista guda shida ko bakwai, ya kafa fitilar salula a bakin kofi. Yana bin layi da yatsa, yana ja wa kowane mai masassara sanda ɗaya a gefen takarda, in sun kai huɗu ya gicciya ta biyar. Mutumin da tun safe yake tsaye, ya karɓi haihuwa biyu, ya ɗinke ƙafar wani da gatari ya sara. Wajen sha ɗaya ya ɓata lissafi, ya koma shafin farko. Na ce: "Majo, in ka aika wannan, me ke dawo maka?" Ya ɗago ya dube ni. "Malam, in na makara dai waya ke dawowa."

Alƙaluman nasa suna shiga DHIS2, manhajar da jami'ar Oslo ta ƙera, wadda ƙasashe da dama har da Nijar suke tara bayanan lafiya a cikinta. Suna wucewa gunduma, su wuce jiha, su isa Yamai, a yi taro da su a ɗaki mai sanyi. Shi da ya kwana yana jan sanduna ba wanda ya taɓa mayar masa da takarda ɗaya mai cewa ga yadda masassara ta hau a garinka shekara uku a jere, ga makon da takan soma, tanadi magani kafin nan. Mutumin da bai taɓa cin moriyar ƙirga ba, in barci ya ci ƙarfinsa ya cike gurbi da ka, ni ba zan ga laifinsa ba.

Sannan ya nuna mini wani abu da ya ba mu dariya mu biyu: allurar rigakafin da ya yi ta haura kashi ɗari bisa ɗari. Ya yi wa yara fiye da yaran da takarda ta ce akwai. Ƙidayar 2012 ce ta ba jihar Damagaram mutum sama da miliyan 3 da rabi, kuma a kanta ake ta ɗora kiyasi shekara bayan shekara. Ga shi wajen Magarya da Dungas da Matamaye iyaka layi ce kawai a taswira. Mace daga ƙasar Daura ko Babura ta goyo ɗanta ta tsallako, ba wanda zai ce mata koma. Kowane kaso rabawa ne, in ba ka san adadin da kake rabawa da shi ba, amsar ado ce.

Akwai kuma abin da sai ɗan gida zai gane. Tambayi dattijuwa ƴaƴanta nawa, ta tsallake ɗan fari don kunya, ta tsallake waɗanda suka koma don ba a tono. Tambayi shekarun yaro a ce maka an haife shi da kaka, shekarar da ruwa ya ci gidaje. Takardun mutanenmu da yawa 1 ga Janairu aka rubuta musu ranar haihuwa. Ba wa kwamfuta wannan ba tare da wanda ya san kan abin ba, za ta yanke cewa matan Damagaram rana ɗaya suke naƙuda.

Kada a ɗauka wannan ciwon talaka ne kaɗai. A 2019 masu bincike a Amurka sun bankaɗo wata manhaja da asibitoci ke amfani da ita wajen zaɓen majinyatan da za a ba ƙarin kulawa. An koya mata ta auna tsananin ciwo da yawan kuɗin da ake kashe wa mutum. Baƙaƙen fata ba a kashe musu kuɗi kamar farare, sai ta ɗauke su masu lafiya. Da aka gyara lissafin, kasonsu cikin waɗanda suka cancanci kulawar ya tashi daga kusan 18 zuwa 46 cikin ɗari. Yanzu a kawo irinta garinmu, inda wanda ba shi da kuɗin kabu-kabu yake jinya a ɗaka da saiwa da rubutu, in ya cika a kai shi kafin la'asar ba takarda. A idon na'ura wannan bawan Allah bai taɓa ciwo ba. Google ma ta ɗanɗana a Tailan: manhajarta mai gano lahanin ciwon suga a ido ta yi fice a ɗakin gwaji, amma da aka kai ta ƙananan asibitoci 11 sai ta ƙi karɓar kusan kashi 21 cikin ɗari na hotunan, galibi saboda ƙarancin haske, ga intanet na jan ƙafa. Wanda ya san ƙurar hunturu da ɗaukewar wuta a Damagaram ya ƙarasa sauran da kansa.

Abin da ke ba ni haushi da mu ƴan waje shi ne muna magana kamar lissafi bai taɓa ceton rai a gida ba sai yanzu da za mu kawo shi cikin jaka. Ga Mirya nan, tafiyar ƴan mintoci daga gari. A can ne ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka gwada miƙa wa uwaye ɗan zaren awon damtse na tamowa. Ƙasa da milimita 115 ja ne, daga nan zuwa 125 rawaya, sama da haka kore. Waɗannan lambobi ba a ka aka tsinto su ba, an bi yara masu yawa an ga daga wane kauri na damtse haɗarin mutuwa ke tashi, sannan aka mayar da dogon lissafi launi uku. Uwar da ba ta taɓa shiga lakwal ba ta naɗa wa ɗanta a hannu tana tsakar gida, kuma binciken ya nuna awonta bai gaza na ma'aikatan sa kai da aka horar ba, yaran ma suna isa likita da wuri. Yau ƙasashe da yawa sun ɗauki dabarar. A duk ofishinmu na Liyon ban ga abin da ya kai zaren nan wayo ba, domin amsar tana fitowa a hannun wadda za ta yanke shawarar tashi ko zama.

Sanƙarau ma haka. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce in an samu mutum 3 cikin dubu ɗari a mako ɗaya a buɗe ido, in sun kai 10 annoba ce, a nemo allura. Daga Nuwamban 2022 zuwa ƙarshen Janairun 2023 an ƙirga mutum 559 da suka kamu a jiharmu, 18 suka rasu, Dungas ta fi jin jiki. Wannan ƙararrawa ba ta kaɗawa sai irin su majo sun aika adadi duk mako, kuma sai "dubu ɗari" ɗin gaskiya ce. Maganin rigakafin masassara da ake bi gida gida ana ba yara ƴan wata 3 zuwa 59 duk wata da damina shi ma daga kalanda da ƙirga ya fito.

To ina na'urar za ta shiga? Inda na fi sa rai shi ne hoton ƙirji. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da manhaja wajen karanta hoto don tace masu alamar tarin fuka daga shekara 15 zuwa sama. A Gure ko Tanut, inda ƙwararren mai karanta hoto ke da nisa, wannan taimako ne na gaske. Amma a yi lissafin kuskurenta da kuɗin gida. A ɗauka, don misali, tana kama 9 cikin masu cuta 10, tana kuma zargin 1 cikin masu lafiya 10. A tara mutum dubu, goma ne ke da cutar. Za ta kama 9, ta haɗa da mutum 99 da ba abin da ke damunsu. A Liyon waɗannan 99 za su hau jirgin ƙasa na cikin gari su sake gwaji, inshora ta biya. A ƙauyenmu kowane ɗaya kuɗin mota ne, da kwana a gindin bishiya a bakin likita, wani sai an kai akuya kasuwa. Don haka inda za a tsayar da ma'aunin zargi shawara ce da ya kamata a yanke a Damagaram, da alƙaluman Damagaram, kada kamfanin da ya sayar ya yanke mana daga nesa.

Kuma kar a ce komai na nan zuma ne. Na ga ma'aikatan jinya suna kashe ƙarar na'ura ba su ko waiwaya ba, don ta cika kuka a banza. Na ga likita ya fi kallon allo a kan fuskar tsohuwar da ke gabansa. Mu kuma muna da abin da su ba su da shi: ba sunan da ake raɗawa liman bai sani ba, ba gawar da ake sallata mai unguwa bai ji ba, ungozoma ta san cikin kowace mace a layinta. Rajistar haihuwa da mutuwa tana nan a kawunan mutane, rubutawa ne ba a yi ba. Ga jami'ar André Salifou cikin gari, da masu karatun likita da masu karatun lissafi, wataƙila a rumfar mai shayi ɗaya suke karyawa. A haɗa su biyu biyu, a ba kowane CSI guda su tsabtace rajistar shekara uku, su mayar wa majo da takarda ɗaya da zai manna a bango. Kuɗin taro ɗaya na Yamai zai yi nisa a wannan aiki.

Daren nan da na kwana wurin majo, na karɓi rajistar masassara na ce ya kwanta in ƙarasa masa. Ni mai digiri a ƙididdiga sau biyu ina ɓata lissafi, don rubutun mutum uku ne a shafi ɗaya, wani wurin an bar gurbin shekaru fayau. Da asuba na zana masa hawa da saukar watanni goma sha biyu a bayan wani tsohon kwalin magani. Ya daɗe yana kallo, ya sa yatsa a kan Satumba, ya ce ai ya san da wannan tudun, abin da bai lura ba shi ne tun tsakiyar Yuli ƙafarsa ke somawa. Ya ɗauko ƙusa ya kafe kwalin a saman teburinsa, sannan ya tambaye ni ko zan iya yi masa na gudawa kafin motar Damagaram ta tashi.