Na gan shi, na kau da kai

Assalamu alaikum. Yau da kaina zan fara, don ni ne mai laifin.

Shekarata ta uku ke nan a Garwa ta ƙasar Kamaru ina koyar da Turanci a wata makarantar kuɗi, daga Yola na zo. Wannan makon aka ba ni tsaron jarrabawar gwaji ta 'yan aji huɗu na sakandare, masu shirin zama BEPC, wato jarrabawar kammala ƙaramar sakandare. Kun san zafin Garwa a watan Afrilu, fanka na juyawa amma wuta take hurowa, yara na share gumi da hannun riga kada ya ɗiga a takarda.

Ana cikin rubutu sai wani yaro a layin baya ya zaro 'yar takarda daga cikin safa. Na gan shi sarai, shi ma ya san na gan shi. Sai na juya ina kallon taga kamar na yi ajiya a waje.

Uban yaron mai faɗa a ji ne a unguwa. Ni kuwa baƙo, katin zamana ma ya kusa ƙarewa. Zuciya ta ce mini baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba, ci tuwonka ka yi shiru. Da ta ga ban gamsu ba sai ta sake salo, wai ai tausayi ne, yaro ne ƙarami, jarrabawar ma ta gwaji ce. Wallahi har na ji kamar alheri na yi.

Da na waiwayo, wata yarinya a layin gaba ta zuba mini ido. Na san ta. Kullum makinta tsakanin 8 da 9 bisa 20 yake, 10 ɗin nan da ake tsallakewa da ita take nema ido rufe, kuma ban taɓa ganin ta leƙa takardar wani ba. Mahaifiyarta ƙosai take soyawa a bakin titi, da shi ake haɗa kuɗin makaranta. Ba ta ce uffan ba, ta dube ni, ta dubi yaron, ta sunkuyar da kai ta ci gaba da rubutu. Shekara guda ina koya mata Turanci, ban sani ba ko ya zauna, amma abin da na koya mata a minti ɗayan nan na tabbata ya zauna.

Malamai 'yan'uwana, mu ji tsoron Allah. Mun sa wa cin amana suna mai daɗi, muna ce masa taimako. Wani ya tsaya bakin ƙofa yana danna waya, aji ya koma kasuwa. Wani ya bi layi yana nuna amsa da bakin biro. Wani ya ga an cika tafin hannu da rubutu ya yi murmushi ya wuce. Wa muka taimaka? Hakkin yarinyar da ta kwana tana bita muka ɗauka muka miƙa wa wanda ya kwana yana barci, sannan a kira azahar mu shige sahun gaba. Hadisin mai algus kowa ya haddace shi, sai dai mun bar wa masu awo a kasuwa, kamar jan biron da ke hannunmu ba mudu ba ne.

Ku ma iyaye ban ƙyale ku ba. A nan tambayoyin da suka fita kafin ranar jarrabawa "ruwa" ake ce musu da Faransanci. Alhaji, kai ka ba da sefa a nemo ruwan nan ta WhatsApp, sannan ka raba sadaka ka sa a yi wa yaro addu'ar nasara. Hajiya, ke kika ce masa ya zauna kusa da mai ƙoƙari. Haba! Ɗan shekara 14 ne fa, abin da ya ga manya sun yarda da shi, shi zai ɗauka addini ya yarda da shi.

Don Allah mu daina. Duk wanda aka ba tsaron aji ya buɗe idonsa, ko ɗan waye.

Gobe lissafi ne da ƙarfe takwas, ajin nan dai aka sake ba ni. Na yi niyyar kafin a raba takarda in sa kowa ya zazzage aljihu da safa, in kuma kira yaron gefe mu yi magana ni da shi. Ku roƙa mini Allah Ya yafe mini, Ya cire mini tsoron mutum. Ita kuwa yarinyar, har yanzu ban san da wane ido zan dube ta ba.